Taswirar 'yan sa kai: Yadda hukumomi ke amfani da ita da sharuɗɗan da ke kanta

Shekaru ashirin da suka wuce, duk mai neman taswirar ƙauyukan arewacin jihar Kano sai ya nufi ofishin safiyo, inda galibi za a miƙo masa takardar da aka zana tun shekarun 1960 ko 1970.

A yau kuwa mutum kan iya buɗe wayarsa ta salula ya ga hanyoyi da garuruwa da ƙoramu na ƙaramar hukuma kamar Shanono, ba tare da ya biya ko sisin kwabo ba.

Wani ɓangare na waɗannan bayanai 'yan sa kai ne suka tattara, suka zuba su a wata taswira ta intanet mai suna OpenStreetMap, wadda hukumomin gwamnati da ƙungiyoyin agaji a ƙasashe da dama ke dogaro da ita.

To sai dai duk da cewa ba a sayar da bayanan, akwai lasisi a kansu, kuma lasisin ya gindaya sharuɗɗan da suka hau kan kowa, har da gwamnati.

Shanono da matsalar taswira

Ƙaramar hukumar Shanono tana arewa maso yammacin jihar Kano, tana iyaka da jihar Katsina, kuma tana maƙwabtaka da Bagwai da Gwarzo da Tsanyawa.

Faɗinta ya kusa murabba'in kilomita 700, sannan ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna tana da mutane kimanin 140,000. Tana da mazaɓu goma, ciki har da Faruruwa da Kadamu da Kokiya da Leni da Shakogi da Tsaure.

Kamar sauran karkarar Kano, ƙasa ce ta noma wadda kusan ba a bar ko'ina fili ba. Baya ga manyan garuruwa masu kasuwa da makaranta, akwai ƙananan unguwanni da gidajen gona da rugagen Fulani da ke warwatse a tsakanin gonakin gero da dawa da gyaɗa.

Irin wannan zama shi ne ya fi wahalar sanyawa a taswira. Magidanci kan tashi daga gidan mahaifinsa ya kafa nasa a bakin gonarsa, bayan 'yan shekaru wurin ya zama unguwa mai suna. Hanyar da mota ke bi da rani kan zama ƙorama da damina. Ruga kan tashi, wata ta sauka.

Abin da ke cikin wannan lamari ya wuce batun zane a takarda. Unguwar da ba ta cikin jerin da ke hannun hukuma, masu rigakafi kan tsallake ta, haka masu rabon gidan sauro, haka masu tsara inda za a haƙa rijiyar burtsatse ko a gina asibitin sha-ka-tafi.

Taswirorin da aka gada

Auna ƙasa a Kano ya daɗe. A farkon mulkin Turawan Ingila an kawo tsarin da ake kira taki, inda malaman taki ke bin gonaki suna auna su da takun ƙafa domin yanka haraji.

Daga baya aka ɗauki hotunan ƙasar daga jirgin sama, aka buga taswirori masu ma'aunin 1:50,000, wato santimita biyu a takarda na wakiltar kilomita ɗaya a ƙasa. Akasarinsu an kammala su ne a shekarun farko bayan samun 'yancin kai, da taimakon hukumar safiyo ta Burtaniya mai kula da ƙasashen waje.

Taswirori ne masu inganci a zamaninsu, amma jama'a sun ninka tun daga lokacin, kuma da yawa daga cikinsu ba a sabunta su ba.

A hukumance, Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ne ke da alhakin taswirar ƙasa, yayin da a jihar Kano akwai hukumar KANGIS mai kula da bayanan filaye. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ma ta shata yankunan ƙidaya da hotunan tauraron ɗan adam domin ƙidayar da aka shirya yi a 2023, wadda aka ɗage.

Bayanan waɗannan hukumomi mallakar gwamnati ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta sanya taswira cikin ayyukan da take karewa.

Mece ce OpenStreetMap?

Wani ɗan Burtaniya mai suna Steve Coast ne ya fara aikin a 2004. A lokacin, hukumar taswira ta ƙasarsa, Ordnance Survey, tana sayar da bayananta da tsada tare da hana a sake rarraba su, duk da cewa hukuma ce ta gwamnati.

Dabararsa ita ce jama'a su zana taswirarsu da kansu. Mutum zai ɗauki na'urar GPS ya bi titi a ƙafa ko a keke, sannan ya dawo ya ɗora sawun tafiyarsa a intanet, ya rubuta sunan titin.

A 2006 aka kafa gidauniyar OpenStreetMap domin riƙe na'urorin aikin da kuma kula da al'amuran doka. A wannan shekarar kamfanin Yahoo ya ba da izinin a riƙa kwaikwayon zane daga hotunansa na sama, sannan Bing na kamfanin Microsoft ya bi sahu a 2010.

Wannan izini ya sauya komai, domin daga nan ɗalibi a Zariya ko ma'aikaci a Jamus zai iya zama gaban kwamfuta ya zana hanyar burji da ke tsakanin ƙauyuka biyu a Kano ba tare da ya taɓa taka wurin ba.

Aikin ya yi kama da gayya: kowa ya kawo fartanyarsa ya yi kunya ɗaya ko biyu. Waɗanda suka yi rajista sun haura miliyan 10, ko da yake kaɗan ne daga cikinsu ke yin gyara a kai a kai.

Duniya ta fara sanin amfanin aikin ne bayan girgizar ƙasar Haiti ta watan Janairun 2010, lokacin da ɗaruruwan 'yan sa kai suka zana birnin Port-au-Prince cikin 'yan kwanaki domin masu aikin ceto. Daga nan aka kafa ƙungiyar HOT mai tsara irin wannan aiki a lokutan bala'i.

An sake yin haka a 2014 lokacin annobar Ebola a ƙasashen Gini da Laberiya da Saliyo, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta nemi taswirar garuruwan da cutar ta ɓulla.

Darasin shan inna

A arewacin Najeriya, yaƙi da cutar shan inna ne ya tilasta wa hukumomi sake duba batun taswira.

Jihar Kano ta dakatar da rigakafin cutar a 2003 saboda shakkun da aka nuna a kan maganin, kafin ta ci gaba a watan Yulin 2004. Zuwa 2012, Najeriya ce ke da yara 122 daga cikin 223 da cutar ta kama a duk duniya.

Ɗaya daga cikin matsalolin da aka gano ita ce taswirorin hannu da tawagogin rigakafi ke zanawa kafin kowane zagaye. Sau da yawa ba sa nuna nisa daidai, kuma unguwannin da ke kan iyakar mazaɓu biyu kan faɗa tsakani, kowace tawaga na zaton ɗayar ce za ta je.

Daga 2012, Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da gidauniyar Bill da Melinda Gates, suka fara amfani da hotunan tauraron ɗan adam wajen gano duk wani matsuguni a jihohin da cutar ta fi ƙamari, kuma jihar Kano baki ɗayanta na ciki.

An kasa matsugunan gida uku: manyan garuruwa, ƙananan ƙauyuka, da kuma gidajen da ke warwatse. Hoton sama yana nuna rufin ɗaki amma ba ya faɗin sunan gari, saboda haka sai da aka tura ma'aikata suka bi wuraren ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar dagatai da masu unguwanni.

Daga nan aka riƙa ba tawagogin rigakafi wayoyi masu GPS da ke rubuta inda suke duk bayan minti biyu. Da yamma sai a ɗora sawun a kan taswira, a ga unguwar da aka shiga da wadda aka tsallake, a koma mata kafin a rufe zagayen.

Ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 kuma take da babban ofishi a Kano, tana cikin waɗanda suka gudanar da aikin.

An samu yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta kama a jihar Kano a ƙaramar hukumar Sumaila, a watan Yulin 2014. Bayan sake ɓullarta a Borno a 2016, an ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da wannan nau'i a ranar 25 ga Agustan 2020, ko da yake wani nau'in na daban bai gushe ba.

Ma'aikatan da ake biya ne suka yi wannan taswira. Amma hanyarta ta haɗu da ta 'yan sa kai lokacin da eHealth Africa ta amince a zuba wasu daga cikin bayananta, kamar sunayen ƙauyuka da wuraren cibiyoyin lafiya, cikin OpenStreetMap. Wanda ya duba bayanan ƙauyukan Kano a taswirar zai tarar da yawa na ɗauke da sunan ƙungiyar a matsayin tushe.

Daga wannan aiki ne kuma shirin GRID3 ya samo asali a 2018, wanda a Najeriya ya samu mazauni a hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA, yana kuma wallafa bayanan matsugunai da makarantu da asibitoci da ƙiyasin yawan jama'a.

Abin da lasisin ya ce

Da farko OpenStreetMap ta yi amfani da lasisin Creative Commons, wanda aka tsara domin rubuce-rubuce da hotuna. Sai dai lauyoyi sun nuna cewa a wasu ƙasashe, kamar Amurka, dokar haƙƙin mallaka ba ta kare zallar bayanai irin su wurin da gada take ko tsawon titi.

Saboda haka a ranar 12 ga Satumban 2012 aka koma wani lasisi da aka rubuta musamman domin rumbunan bayanai, wanda ake kira ODbL. Sai da aka nemi amincewar masu ba da gudummawa, kuma aka goge aikin waɗanda suka ƙi ko aka kasa samu, kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na bayanan.

Lasisin ya ba kowa damar kwafa da rarrabawa da gyarawa, har ma da yin kasuwanci da bayanan, bisa sharuɗɗa uku.

Na farko shi ne ambaton tushe. Duk wanda ya fitar da taswira ga jama'a, a takarda ko a intanet, wajibi ne ya rubuta a inda za a gani cewa bayanan na masu ba da gudummawa ga OpenStreetMap ne.

Na biyu shi ne mayar da alheri. Wanda ya ɗauki bayanan ya gyara su ko ya ƙara musu nasa, sannan ya yi amfani da sakamakon a bainar jama'a, dole ne ya saki sabon rumbun a ƙarƙashin wannan lasisi.

Na uku shi ne barin ƙofa a buɗe. Idan mutum ya rarraba bayanan cikin wata manhaja mai makulli, sai ya samar da wani kwafin da babu makulli a kansa.

Ana iya kwatanta shi da rijiyar gari: kowa na iya ɗiba, har mai garuwa da zai sayar, amma wanda ya yashe ta ya ƙara mata zurfi ba shi da ikon sa mata ƙofa da kwaɗo.

Wanda ya saɓa sharuɗɗan, izininsa kan faɗi nan take, sai dai idan karo na farko ne aka ja hankalinsa, yana da kwana 30 ya gyara.

Inda gizo ke saƙar

Sharaɗi na biyu ne ya fi ɗaure wa hukumomi kai, kuma lasisin ya bambanta abubuwa uku da ya kamata a fahimta.

A ɗauka sashen lafiya na wata ƙaramar hukuma ya buga taswirar mazaɓar Kokiya a babbar takarda, ya manna a bangon asibiti. Wannan abu ne da aka sarrafa daga bayanan, kamar hoto, kuma idan ba a sauya bayanan ba, ambaton tushe kawai ake bukata.

Idan kuma sashen yana da nasa jerin na asibitoci, ya ɗora shi a kan hanyoyin OpenStreetMap ba tare da ya gauraya su ba, to rumbuna biyu ne aka jera gefe da gefe, kuma jerin asibitocin na nan a matsayin mallakar hukuma.

Amma idan ma'aikatar ayyuka ta ɗauki hanyoyin, ta gyara waɗanda suka karkace, ta ƙara waɗanda babu, sannan ta wallafa taswirar hanyoyin jiha da su, to ta samar da sabon rumbu daga na 'yan sa kai, kuma sai ta buɗe shi ga duk mai so.

Sharaɗin ba ya hawa kan abin da aka yi amfani da shi a cikin ofis kawai ba tare da an fitar wa jama'a ba.

Wannan na da muhimmanci ga hukumar da ke samun kuɗin shiga daga sayar da taswira ko takardun filaye. Lasisin bai hana ta karɓar kuɗi ba, amma wanda ya samu rumbun yana da 'yancin rarraba shi kyauta.

Akwai kuma matsala idan bayanai za su tafi ɗaya ɓangaren, wato daga gwamnati zuwa taswirar 'yan sa kai. Kasancewar an ɗora abu a shafin intanet na ma'aikata bai zama izinin kwafa ba.

Hatta bayanan da aka saki da lasisin CC BY 4.0, wanda hukumomi da masu ba da tallafi suka fi amfani da shi, gidauniyar OpenStreetMap ta bayyana a 2017 cewa sai mai bayanan ya sa hannu a wata takardar sassauci kafin a zuba su.

Haka kuma haramun ne ga ɗan sa kai ya kwafo suna ko hanya daga Google Maps, saboda sharuɗɗan kamfanin sun hana.

Kamfanin na Google ya taɓa buɗe nasa dandalin na 'yan sa kai mai suna Map Maker a 2008, amma bayanan da jama'a suka shigar sun kasance ƙarƙashin ikon kamfanin, wanda ya rufe dandalin a 2017. Masu goyon bayan ODbL kan kafa hujja da wannan wajen nuna amfanin sharaɗin mayar da alheri.

Masu suka kuwa na cewa sharaɗin yana tsorata lauyoyin gwamnati, har wasu hukumomi su gwammace su sake yin aikin daga farko a maimakon su taɓa bayanan.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Amurka, doka ta ce ayyukan gwamnatin tarayya na kowa ne, babu haƙƙin mallaka a kansu. Wannan ya ba da damar zuba bayanan titunan hukumar ƙidayar ƙasar cikin OpenStreetMap a 2007.

Sai dai wannan doka ce kuma ta sa da wuya gwamnatin ta ɗauko gyare-gyaren 'yan sa kai ta mayar cikin nata rumbun, tunda suna ɗauke da sharuɗɗa. Hukumar binciken ƙasa ta USGS ta kafa nata rukunin 'yan sa kai, waɗanda aikinsu ke zama na kowa kai tsaye.

A Faransa, 'yan sa kai sun haɗa rumbun adireshi a 2014, sannan a 2015 aka ƙaddamar da rumbun adireshi na ƙasa tare da hukumar taswira da ta gidan waya. An shafe shekaru ana muhawara a kan lasisi kafin a koma lasisin gwamnati mai sauƙin sharuɗɗa a farkon 2020.

A Indonesiya, hukumar kula da bala'o'i ta yi aiki da ƙungiyar HOT wajen zana unguwannin Jakarta domin shirin ko-ta-kwana na ambaliya. A Tanzaniya kuma, daga 2015, ɗaliban jami'a da mazauna unguwanni sun zana magudanan ruwa da gidajen Dar es Salaam a wani shiri mai suna Ramani Huria, da tallafin Bankin Duniya.

Ita ma Ordnance Survey, wadda tsauraran sharuɗɗanta suka haifar da aikin tun farko, ta fara sakin wasu bayananta kyauta a 2010.

Abin da waɗannan misalai suka yi tarayya a kai shi ne, inda aka yi nasara, hukuma ta yanke shawara a kan lasisi tun kafin a fara aiki, ta kuma rubuta shi a fili.

Suna da iyaka

Ƙa'idar OpenStreetMap ita ce a zana abin da ke ƙasa, wanda wani zai iya zuwa ya tabbatar da idonsa. Wannan ya dace da gada da kwalbati da makaranta, amma iyakar mulki ba a ganin ta daga sama.

A 2019 majalisar dokokin Kano ta ƙirƙiro sabbin masarautu huɗu, Shanono ta faɗa ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu. A watan Mayun 2024 aka soke dokar. Babu dutse ko bishiyar da ta gusa, amma duk taswirar masarautu da aka zana a tsakanin waɗannan shekaru ta tsufa.

Iyakokin mazaɓu ma haka suke. Waɗanda ma'aikatan lafiya ke amfani da su an shata su ne domin sauƙin aiki, kuma masu wallafa su kan bayyana cewa ba su ne iyakokin hukuma ba.

Saboda haka taswirar 'yan sa kai ba ta zama hujja a rikicin gona ko na burtali ko na iyakar dagatai biyu. Lasisin kansa ya ce ana ba da bayanan ne yadda suke, babu lamuni a kan ingancinsu.

Batun suna ma na da nasa ƙalubalen. Akwai Sabon Gari da Unguwar Fulani da Gidan Malam bila adadin a ƙasar Hausa. Ɗaya daga cikin mazaɓun Shanono sunanta Goron Dutse, sunan da kowa ya fi sani da wani dutse da unguwa a cikin birnin Kano, kuma wanda ke aiki daga nesa zai iya haɗa su.

Taswirar tana da gurbin rubuta suna da Hausa, da haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ, amma sai wanda ya san wurin ne zai iya cike shi daidai.

Inganci da tsaro

Ingancin taswirar ya danganta ne da yawan masu kula da ita. A biranen Turai, ana gyara kuskure cikin sa'o'i. A karkarar Afirka, hanya kan zauna shekaru yadda wani ya zana ta daga tsohon hoto.

Wannan giɓi na da tasiri, domin masu bincike na amfani da hanyoyin OpenStreetMap wajen lissafin lokacin da mara lafiya zai ɗauka kafin ya isa asibiti. Hanyar da ba a zana ba kan sa ƙauye ya zama kamar ya fi nisa, wadda aka nuna a matsayin kwalta alhali burji ce kuma kan ɓoye wahalar da jama'a ke sha.

Kamfanoni sun shigo da nasu taimakon. A 2021 Google ya saki zanen gine-gine sama da miliyan 500 a Afirka waɗanda kwamfuta ta gano daga hotuna, kuma ODbL na cikin lasisin da ya ɗora musu. Microsoft ma ya saki irinsu na Najeriya.

Sai dai kwamfuta kan sha wahala wajen bambanta ɗakin ƙasa da ƙasar da ke kewaye da shi, ko rumbun hatsi da bukka, saboda haka ana bukatar mutum ya duba kafin a amince.

Akwai kuma batun tsaro. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a birnin Kano, kuma a ƙarshen 2025 an kai hare-hare a wasu ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke kusa da iyakar Katsina.

A irin wannan yanayi, hukumomi kan bambanta bayanan da kowa ke gani da ido, kamar hanya da kasuwa, da waɗanda za su iya jefa wani cikin haɗari, kamar jadawalin tafiyar ma'aikata. OpenStreetMap ba ta karɓar sunayen masu gidaje, kuma dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ta taƙaita abin da za a iya wallafawa game da ɗaiɗaikun jama'a.

Abin da ke gaban hukumomi

Najeriya ta yi dokar 'yancin samun bayanai a 2011, ta kuma shiga ƙawancen ƙasashe masu gudanar da mulki a buɗe a 2016. Amma 'yancin ganin takarda daban yake da izinin kwafa da sake rarrabawa, wanda sai lasisi ne ke bayar da shi.

Ga ƙaramar hukuma ko ma'aikatar jiha da ke son cin moriyar taswirar, matakan a bayyane suke: ta ambaci tushe a duk abin da ta buga, ta ajiye bayananta na sirri a rumbu daban, ta rubuta lasisi a kan duk abin da ta saki, sannan ta mayar da gyare-gyaren da ma'aikatanta suka yi.

Mataki na ƙarshe ne ya fi amfani ga wuri kamar Shanono. Malamin gona da ma'aikaciyar lafiya da malamin makaranta sun san gadar da ruwa ya cinye da unguwar da aka kafa bara, kuma galibi wannan sani yana ƙarewa ne a cikin rahoton da aka rufe a durowa idan shiri ya ƙare.

Idan aka shigar da shi taswirar da ke buɗe, zai ci gaba da kasancewa a wurin bayan tallafi ya yanke ko gwamnati ta sauya, kuma hukuma ta gaba, ko ta ƙidaya ce ko ta ruwa ko ta agajin gaggawa, za ta fara ne daga inda ta baya ta tsaya.